Dodon Bango: Yadda Masu Fim Suka Koyi Ba Mu Tsoro

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai ya samu natsuwa.

Kwanakin nan bidiyoyin "an kama aljani a kyamara" sun yi yawa a wayoyinmu. Kusan duk tsarinsu ɗaya ne. Dare ne, hoton dishi-dishi, hannun mai ɗauka yana rawa, can gefe wani farin abu ya gilma, sai bidiyon ya yanke. A guruf ɗin dangi da na wurin aiki sai ka ga manya masu hankali suna ta turawa, ana ta salati. Ni ban zo gardama kan samuwar aljanu ba, wannan addini ya riga ya gama maganarsa. Abin da nake so mu gane shi ne, duhun nan da rawar hannun nan da yankewar nan duk sana'a ce. Tana da tarihi na fiye da shekara 120, kuma an san mutanen da suka ƙirƙiro ta da shekarun da suka yi hakan. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin, yawancin dabarun rashi ne ya haife su: rashin kuɗi, rashin kayan aiki, ko dokar da ta hana a nuna abu ƙarara.

Lokacin da majigi da sinima suka shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, ɗaya daga cikin sunayen da mutanenmu suka raɗa wa abin shi ne dodon bango. Sun ga inuwa tana motsi a jikin bango ba mai ita, suka ba ta sunan da ya dace. To bari mu bi yadda aka yi kiwon wannan dodo.

A 1896 wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès, wanda asalin sana'arsa siddabaru ne a dandamali, ya yi wani ɗan fim na kamar minti 3 mai suna Le Manoir du Diable. Shi ne ake yawan kira fim ɗin ban tsoro na farko. Dabararsa mai sauƙi ce. Ka tsayar da kyamara, ka canja abin da ke gabanta, sannan ka ci gaba da ɗauka. Mai kallo sai ya ga jemage ya rikiɗa ya zama shaiɗan cikin ƙiftawar ido. Wannan dabarar ce har gobe ake amfani da ita in boka zai ɓace a finafinanmu. Sai dai abin Méliès ya fi kama da wasa, mamaki yake ba mutane fiye da tsoro.

Tsoro na haƙiƙa daga Jamus ya fito, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918. Ƙasar ta sha kashi, talauci ya yi katutu, gari cike da guragu da waɗanda yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. A 1920 darakta Robert Wiene ya fitar da The Cabinet of Dr. Caligari. Maimakon a gina gari, sai aka zana shi a jikin ƙyallaye. Bango a karkace, taga ba ta da kusurwar kirki, hanya ta yi tsini kamar wuƙa. Hatta inuwa da haske da fenti aka zana su a ƙasa da jikin bango. Hakan ya zo da araha, kuma ya yi aiki. Idon ɗan Adam ya saba da bango a miƙe da ƙasa a shimfiɗe. Da zarar an karkata su, jiki yakan ji cewa akwai matsala tun kafin hankali ya gano mece ce. Daga baya masu fim suka ga ba sai an karkata bango ba, kyamarar kawai za a ɗan kishingiɗar. In ka ga hoto ya jirkice a fim, to da gangan ne, ana so ne ka ji ƙasa ba ta riƙe ka da kyau ba.

Shekara biyu bayan haka, a 1922, F. W. Murnau ya yi Nosferatu, labarin wani mai shan jinin mutane. Fitowar da ta fi shahara a fim ɗin ba a ma ga dodon ba. Inuwarsa ce kawai take hawa matakalar bene, ga doro, ga dogayen farata, sannan inuwar hannun ta miƙa zuwa ƙofar ɗakin matar. Duk wanda aka yi wa tatsuniyar Dodo a gaban fitilar aci-balbal ya san wannan. Mai tatsuniya ba ta taɓa tsayawa ta siffanta maka Dodo daga kai zuwa ƙafa. Inuwar da ke rawa a bango ce take ƙarasa mata aikin, kuma kowane yaro da irin Dodon da yake gani. Saura kaɗan ma fim ɗin ya ɓace daga duniya, domin an ɗauko labarin ne daga littafin Dracula ba da izini ba. Matar marubucin, Bram Stoker, ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata duk kwafin da ake da shi. Wasu 'yan kwafi ne suka tsira, shi ya sa muke iya ganinsa yau.

Daga Jamus sana'ar ta yi ƙaura zuwa Amurka tare da masu ita. Karl Freund, mai ɗaukar hoto da ya yi aiki da Murnau, shi ya ɗauki Dracula na 1931. A nan aka riƙa haska idanun jarumin, Bela Lugosi, da 'yan siraran fitilu, sauran fuskar kuma aka bar ta cikin duhu-duhu. A wannan shekarar dai aka yi Frankenstein. Ku duba yadda darakta James Whale ya gabatar da dodonsa. Ƙofa ta buɗe, ya shigo da baya, ƙeyarsa kawai kake gani. A hankali ya juyo. Sannan hoton ya yi tsalle zuwa fuskarsa, ya ƙara matsowa, ya ƙara matsowa. An ja maka rai tukuna, sannan aka cusa maka fuskar a ido ba tare da an ba ka damar ja da baya ba.

Daga 1934 aka fara tsananta dokar tace finafinai a Amurka, aka taƙaita nuna jini da ta'asa. Sannan ga matsalar kuɗi. A 1942 kamfanin RKO, wanda ya tafka asara a wasu manyan finafinai, ya ɗauko wani mutum mai suna Val Lewton ya ce ya riƙa yin finafinan ban tsoro, kowanne kada ya wuce dala 150,000. Na farkonsu shi ne Cat People, wanda Jacques Tourneur ya ba da umarni. Labarin wata mata ce da ta yi imani cewa in kishi ko sha'awa ya motsa mata za ta rikiɗa ta zama damisa. Babu kuɗin yin rikiɗar da za ta gamsar, don haka suka sayar da duhu.

Akwai fitowar da wata abokiyar aikin mijin take tafiya ita kaɗai da dare. Fitilun titi jefi-jefi ne, ta shiga haske, ta faɗa duhu, ta sake fitowa haske. Ana jin takun matar nan a bayanta. Can sai takun ya ɗauke. Ta waiga, ba kowa. Ta ƙara sauri. Kai mai kallo ka gama shirya wa damisa. Kwatsam sai wani abu ya faɗo cikin hoton daga gefe da wani irin huci, ashe motar bas ce ta ja birki. Har yau masu fim suna kiran irin wannan firgitarwa da sunan bas ɗin Lewton. Duk lokacin da aka ja maka rai a fim sannan kyanwa ta yi tsalle daga cikin kabad, jikar wannan bas ɗin ce.

Me ya sa abin yake ci? Dalili biyu ne a fahimtata. Na farko, idonmu ba shi da ƙarfi a duhu, kuma gefen ido ya fi saurin kama motsi fiye da gane siffa. Shi ya sa mutum yakan zabura kafin ya tantance. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ta wannan fuskar dukanmu an sare mu tun fil azal. Na biyu, a zahiri in ka ji motsi za ka juya kai ka duba. A fim ba ka da wuya. Darakta ne ya riƙe maka kai, inda ya so nan za ka kalla. Duk abin da ke wajen kusurwa huɗun nan na allo an hana ka shi, kuma a can tsoron yake zaune.

Wanda ya fi kowa fayyace wannan shi ne Alfred Hitchcock, ɗan Ingila da ya koma aiki a Amurka. Yakan bambanta razana da zaman ɗar-ɗar da misalin bam. A ce mutum biyu suna hira a tebur, bam ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na 'yan daƙiƙu ne kawai. Amma in an nuna maka bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, ga agogo yana tafiya, su kuma suna ta hirar banza, to duk tsawon hirar a tsaye zuciyarka za ta kasance. Wato wani lokaci ɓoye maka ake yi, wani lokaci kuma a nuna maka abin da jarumi bai gani ba, a bar ka da ciwon rashin iya yi masa magana.

A 1960 ya yi Psycho, baƙi da fari, da ma'aikatan shirinsa na talabijin, a kan kuɗi kimanin dala 800,000. Fitowar kisan banɗaki ita ce aka fi nazari a tarihin irin waɗannan finafinai. Kisan kansa bai kai minti ɗaya ba, amma an shafe kusan mako guda ana ɗaukarsa. An girka kyamara sau 78, an yanka hoton sau 52. Wuƙa ta ɗaga, baki ya buɗe, ruwa yana zuba, hannu ya kare, wuƙa ta sauko. Mutane sun fito suna rantsuwa sun ga ana daddatsa mata jiki, alhali ba a nuna rauni ko ɗaya a buɗe ba. Jinin da ke gangarawa ma ruwan cakulan ne, tunda a baƙi da fari ba a bambancewa. Ƙwaƙwalwar mai kallo ce ta haɗa gutsattsarin ta yi kisan da kanta. Ƙari a kan haka, jarumar da kowa ya ɗauka ita ce mai fim ɗin, Janet Leigh, an kashe ta tun ba a kai rabi ba. Daga nan mai kallo ya san ba wanda ya tsira.

Sai 1975, fim ɗin Jaws na Steven Spielberg, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. An ƙera kifayen inji guda uku, amma da aka sa su a ruwan gishirin teku sai suka riƙa lalacewa. Aikin da aka tsara wa kwana 55 ya kai kwana 159. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Spielberg ya mayar da kyamara ta zama idon kifin, tana tasowa daga ƙarƙashin ruwa zuwa ƙafafun masu iyo. A wani wurin kuma rawayen ganguna da aka harba wa kifin ne kawai ake gani suna gudu a saman ruwa. Sai an wuce awa guda kafin a ga kifin sosai. Da injin ya yi aiki yadda aka so, wataƙila da yanzu an manta da fim ɗin. A cikinsa ne kuma aka yi amfani da wata dabara da Hitchcock ya fara shahara da ita a Vertigo na 1958: a tura kyamara gaba, a lokaci guda a zuƙo hoton baya, ko akasin haka. Fuskar mutum tana nan yadda take, amma duniyar da ke bayansa tana miƙewa kamar roba. Abin nan da muke cewa gabana ya faɗi, shi ne aka zana da kyamara.

A 1978 John Carpenter ya yi Halloween da kuɗi kimanin dala 300,000. Ya buɗe fim ɗin da tafiyar kyamara ta wajen minti 4, kana kallo ta idon mai kisa. Ka leƙa taga, ka shiga kicin, ka ɗauki wuƙa, ka hau bene. Sai a ƙarshe a nuna maka yaro ne ɗan shekara 6. An sa ka cikin rigar mugu ba da shawararka ba. Fuskar robar da makashin yake sawa kuwa, ta 'yan daloli ce aka saya a shago, mai kamannin jarumi William Shatner, aka fesa mata farin fenti. Fuska ce da ba ta nuna fushi ko murna, ba abin da za ka karanta a cikinta. Carpenter yakan ajiye jaruma a gefe ɗaya na allo, ya bar ɗaya gefen fili, baƙi ƙirin. Kai kuma sai idonka ya maƙale a wurin da ba kowa. Kusa da ƙarshe, a cikin irin wannan duhu ne aka riƙa ƙara wata 'yar fitila sannu a hankali har farar fuskar ta bayyana a bayanta, kamar dama can tana wurin.

'Yan zamaninmu da suka taso da kaset ɗin bidiyo ba za su manta The Evil Dead na 1981 ba. Mu a falon maƙwabta muka kalle shi, mun fi goma a kan tabarma, kuma wallahi da aka tashi ba wanda ya yarda ya bi lungu shi kaɗai. Abin da ya fi tsorata mu shi ne wani abu da ke tahowa a guje cikin daji, ƙasa-ƙasa, wanda ba a taɓa nuna shi ba. Sirrin? Sam Raimi da abokansa samari ne marasa kuɗi. Kyamara suka ɗaure a tsakiyar katako, mutum biyu suka kama gefe da gefe suka zura da gudu. Shi ke nan aljanin.

Kada kuma a ɗauka sai da duhu. A 1980 Stanley Kubrick ya yi The Shining a cikin wani ƙaton otal mai haske tarwai. Ya yi amfani da Steadicam, na'urar da Garrett Brown ya ƙirƙiro wadda ke sa kyamara ta yi tafiya sumul ba girgiza. Kyamarar tana bin wani yaro a kan kekensa mai ƙafa uku, dab da ƙasa, cikin dogayen barandu. Komai tsaf, dama da hagu daidai wa daida. Matsalar ita ce kwana. Duk kwanar da zai sha ba ka san abin da ke bayanta ba. Ya sha ta farko lafiya, ta biyu lafiya, har ka fara sakin jiki, sai ga 'yan mata biyu masu kaya iri ɗaya a tsaye suna kallonsa. Ba su yi ihu ba, ba su motsa ba.

Japan ta kawo nata salon a 1998 da Ringu na Hideo Nakata. Fatalwar wata yarinya ce mai farar riga, gashi ya rufe mata fuska, ta fito daga rijiya, ta ratso ta cikin akwatin talabijin. Tafiyarta ce take tayar da tsikar jiki, kuma ga yadda aka yi: an ɗauki jarumar tana tafiya da baya, sannan aka juya hoton. Gaɓoɓin na mutum ne, amma motsin ba na mutum ba ne, kuma ido yana ganewa ko da bai san dalili ba.

Yanzu mun iso inda na dosa. A 1999 wasu matasa biyu a Amurka, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, suka yi The Blair Witch Project. Suka ba 'yan wasa uku kyamarori suka tura su daji a jihar Maryland na kwana 8. Hoton yana rawa, wani lokaci ƙasa kawai ake gani, wani lokaci baƙi da numfashi. Mayyar da ake magana a kai ba a nuna ta ko sau ɗaya ba. Sannan suka buɗe shafi a intanet suna nuna kamar ɗaliban sun ɓace da gaske, kaset ɗinsu ne aka tsinta, har da takardun cigiya. Mutane da yawa suka yarda. Fim ɗin da ɗaukarsa bai ci dala 100,000 ba ya tara kusan dala miliyan 250. A 2007 Oren Peli ya yi Paranormal Activity a cikin gidansa da kimanin dala 15,000. Kyamara ce a girke a ɗakin kwana, ga lokaci yana tafiya a gefen hoto kamar na kyamarar tsaro. Minti ya wuce ba abin da ya faru, sai ƙofa ta ɗan motsa. Ya tara sama da dala miliyan 190.

Darasin da masu fim suka ɗauka daga waɗannan biyun mai nauyi ne: munin hoto ya zama shaidar gaskiya. Da, in hoto ya yi kyau ne ake yarda da shi. Yanzu in ya yi dishi-dishi yana rawa sai mu ce ai wannan ba shiri ba ne. Mun taso da cewa gani ya kori ji, to ga zamanin da ake kitsa ganin kansa. Abin da ya ci wa su Lewton da Carpenter dubban daloli, yau yaro mai waya da manhajar tace bidiyo zai haɗa shi kafin la'asar.

Ga 'yan fim ɗinmu ina da shawara a nan. Sau da yawa in za a nuna aljani ko maye sai a cika allo da hayaƙin kwamfuta da jajayen idanu da wuta tana fita daga tafin hannu, ƙarshe yara ma dariya suke yi. Kullum kukan shi ne ba kuɗi. To ai tarihin nan gaba ɗaya na marasa kuɗi ne. Muna da zaure mai duhu, da lungu, da tsohuwar rijiya, da kukar bayan gari, da ɗauke wutar da ba sai an biya kowa ya yi ta ba. Labule ɗaya da iska ke kaɗawa, in an san inda za a ajiye kyamara, ya fi dodon kwamfuta goma.

Ga sauranmu kuma, abin ya wuce nishaɗi. A sinima ka sayi tikiti da kanka, ka san wasa ne, in an kunna fitila ka tafi gida. A waya ba mai kunna maka fitila. Bidiyon yana zuwa ne da sunan wani gari, wani lokaci da hoton gidan wani ko fuskar wata tsohuwa, an rubuta "ga mayyar da aka kama". Mun san abin da taron jama'a a tsorace yake iya aikatawa, kuma mun san a kan wa abin yake ƙarewa: tsofaffi, masu taɓin hankali, da baƙin da ba su da mai tsaya musu.

Don haka kafin ka tura, ka yi wa bidiyon tambayoyin da mai fim zai yi masa. Me ya sa kyamara take kallon wannan kusurwar tun kafin abin ya faru? Wa ya riƙe ta, kuma me ya hana shi gudu? Me ya sa aka yanke daidai inda za a ga abin da kyau? Akwai inda hoton ya ɗan yi tsalle, irin na Méliès? Tafiyar nan ba juya ta aka yi ba? In ka kashe sautin ka sake kallo da rana, saura me? Yara ma a zaunar da su a nuna musu yadda ake yi. Yaron da ya san labarin katakon Sam Raimi zai ci gaba da jin daɗin fim, amma zai yi wuya a yi wasa da hankalinsa.

Wanda ya ga amfanin wannan ya tura shi guruf ɗin da aka fi turo masa irin waɗancan bidiyoyin. Allah Ya tsare mu da sharrin abin da muke gani da wanda ba ma gani, Ya sa mu dace.